Yadda za ka sayi UC, daimon da koyin a gem ba tare da asarar kuɗi ko akawun ba

Tambayar ɗaya ce, fuska kawai take sauyawa. Wannan ya ce ina ake samun UC mai araha, wancan ya ce ya loda daimon a Free Fire washegari ya tashi an rufe masa akawun, wani kuma yana son sanin ko katin ɗan ƙwallon da ya ciro a eFootball zai sayu idan ya matsu da kuɗi. Amsa wa kowa daban ya gagara, shi ya sa na jera aikin daga farko zuwa ƙarshe. Zan fi tsayawa a kan wasanni 4 da matasanmu suka fi bugawa a waya: PUBG Mobile, Free Fire, Call of Duty Mobile da eFootball. Kowanne da kuɗinsa na cikin gem da ake saye da kuɗin gaske: UC a PUBG Mobile, daimon a Free Fire, CP a Call of Duty Mobile, koyin a eFootball. Daga baya zan taɓo Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, da kayan NFT, wato kayan gem da ake mallaka ta hanyar kirifto, domin a nan ne maganar sayarwa take shigowa.

Ka bi jerin yadda yake. Yawancin waɗanda suka zo suna kuka, daga mataki na 5 suka fara, wato biyan kuɗi, suka tsallake na 1.

Kayan aiki: wayarka, adireshin imel da kai kaɗai ka san lambar sirrinsa, layin waya mai rajista da sunanka wanda kake amfani da shi kullum, hanyar biyan kuɗi, da ɗan littafi da biro. Littafin na gaske nake nufi, na takarda.

1. Ɗaure akawun kafin ka kashe ko sisi

Ranar da ka sauke gem, yakan ba ka zaɓin shiga a matsayin baƙo. Shi ne mafi sauƙi, kuma shi mutane suke dannawa don suna ɗokin fara wasa. Akawun baƙo a cikin wayar yake zaune. Waya ta faɗa ruwa, ko an fizge ta a Keke, ko mai gyara ya wanke ta, shi ke nan, komai ya tafi, kuma kamfani ba shi da wata hanyar gane cewa naka ne.

Shiga saitunan gem ɗin, ka nemi sashen akawun, ka haɗa shi da wani abu da ke wajen wayar. A eFootball, buɗe Konami ID ka haɗa. A Call of Duty Mobile, akawun Activision ya fi Facebook kwanciyar hankali. PUBG Mobile yana karɓar Google, Facebook, imel da lambar waya, kuma yana barin ka haɗa fiye da ɗaya, to ka haɗa 2. Free Fire ma yana karɓar Google da Facebook.

Gargaɗi: duba wanda ya buɗe maka Gmail ɗin da ke wayarka. Mutane da yawa a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu, ko wajen mai tura manhajoji a bakin kasuwa, kuma har yau lambar wancan mutumin ce a matsayin lambar dawo da akawun. Idan haka ne, shi ne mai gidan, kai ɗan haya ne. Shiga saitunan Google, sashen tsaro, ka sauya lambar sirri, ka cire lambarsa ka sa taka.

Daga nan kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kan imel ɗin da kuma Facebook idan da shi ka ɗaure. Google zai ba ka lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8. Kwafe su cikin littafin nan. Kada ka ɗauki hotonsu ka bari a wayar, domin ranar da za ka buƙace su ita ce ranar da wayar ba ta hannunka.

Gargaɗi na biyu: kada ka ɗaure akawun da layin da ka jefa a durowa. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin sadarwa yakan karɓe ya sayar wa wani. Sabon mai layin shi zai riƙa samun lambobin shiga akawun ɗinka.

2. Tara shaidarka

Wannan aikin minti 5 ne. A littafin, rubuta lambar ɗan wasa da ke ƙarƙashin sunanka a shafin bayananka, sunan da kake amfani da shi, watan da ka buɗe akawun, da samfurin wayar da ka fara bugawa da ita. Duk sayayyar da ka yi daga baya, ajiye rasit ɗinta. Rasit ɗin Google Play yana zuwa imel, lambarsa tana farawa da GPA. Idan aka sace akawun, waɗannan ne abubuwan da ma'aikatan kamfani za su tambaya, kuma ɓarawo ba shi da rasit ɗin farko.

3. Gane abin da kuɗinka ke saya

Kafin ka shiga wasan, ai ka riga ka danna amincewa da wata doguwar yarjejeniya da ba ka karanta ba. A cikinta an rubuta cewa riga, fentin bindiga, mota, katin ɗan wasa, har akawun kansa, duk mallakar kamfani ne, izinin amfani kawai aka ba ka. Kamar mai hayar shago ne da ya zuba tayil ya yi fenti mai tsada: yana jin daɗinsa muddin yana ciki, ranar da mai shago ya ce a tashi kuwa ba ya ɗaga tayil ya tafi da shi.

Kuma ana cewa a tashi. Apex Legends Mobile ya fito a watan Mayun 2022, kamfanin EA ya rufe shi ranar 1 ga Mayun 2023, shekara guda ke nan, kuma bai mayar wa kowa kuɗin kayan da ya saya ba. A Indiya gwamnati ce ta haramta PUBG Mobile a Satumban 2020, ta ƙara da Free Fire a Fabrairun 2022. Ban kawo wannan don in hana ka saye ba. Wanda ya biya kuɗin gidan kallon ƙwallo ma ba ya komawa gida da komai a hannu, kuma bai yi asara ba. Ka dai sa kuɗin a layin nishaɗi, kada ka sa shi a layin ajiya.

Kayan kashi 3 ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce:

Na farko, wanda aka rubuta farashinsa, ka biya a ba ka. Ka san abin da ka saya.

Na biyu, tikitin zango, irin Royale Pass na PUBG ko Battle Pass na Call of Duty. Ka biya sau ɗaya, kana wasa kana buɗe kyaututtuka har zangon ya ƙare. Ga mai buga wasa kullum, a ganina wannan ne kaɗai cinikin da ya fi kuɗinsa, musamman da yake a waɗannan wasannin 2 wanda ya kai ƙarshen tikitin yakan tara abin da zai sayi na gaba. Sharaɗin shi ne kada ka taɓa UC ko CP ɗin da ya dawo maka. Kuma kada ka saya saura mako guda zango ya ƙare.

Na uku, akwatin sa'a da juya. Wannan yana da nasa mataki a ƙasa.

Sai ka tambayi kanka ko kayan yana ƙara ƙarfi ko ado ne kawai. Fentin bindiga a PUBG ba ya ƙara wa harsashi komai. A eFootball kuwa katin da ka ciro yana sauya wasa sosai, amma matsalarsa ita ce bayan 'yan watanni za a fito da sabon katin wannan ɗan wasan da ya fi naka. Wanda ya ce sai ya riƙe katin da ya fi na kowa, ya ɗaukar wa kansa biyan da ba ya ƙarewa.

4. Yi lissafin da naira

Ba banza kamfanoni suka ƙirƙiro UC, CP, daimon da koyin ba. Mutum yana jin zafin fitar da naira 15,000, amma ba ya jin zafin danna 600 na wani kuɗin da ba a cefane da shi. To kai ka mayar da kowane farashi zuwa kuɗin aljihunka kafin ka danna.

Ga ma'auni daga PUBG Mobile, a farashin dala da aka saba: UC 60 a kan dala 0.99, UC 660 a kan dala 9.99, UC 8,100 a kan dala 99.99. A Call of Duty Mobile ƙaramin ƙunshi CP 80 ne a kusan dala 1. Ɗauki canjin ranar ka ninka, sannan ka ƙara ɗan abin da banki ko mai katin dala zai cire. Farashi yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da allon wayarka ya nuna shi ne hukunci.

Lura da wata dabara: ƙunshin da ake sayarwa da wuya ya yi daidai da farashin abin da kake so. Ko dai ya gaza kaɗan sai ka ƙaro, ko ya bar maka canjin da bai isa komai ba amma yana ta kiranka ka cike shi. Saboda haka fara duba farashin kayan, sannan ka nemi haɗin ƙunshin da zai kai ka da ragowar da ta fi ƙanƙanta. Yanke wa kanka iyakar wata, ka rubuta. Kuɗin makaranta, jarin sana'a da bashi ba sa shiga nan.

5. Zaɓi hanyar biya

Hanyoyi 3 ne, kuma a nan ake yawan faɗawa rami.

Ta farko ita ce shagon da ke cikin gem ɗin, wanda ke bi ta Google Play ko App Store. Ita ce mafi tsafta, rasit yana zuwa imel kai tsaye. Cikas ɗinta kati ne. Tun 2022 bankunan Najeriya da dama suka rage ko suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi, da iyakar abin da za a kashe. Gwada katinka da ƙaramin abu. Idan ya ƙi, katin dala na manhaja yana aiki, sai dai ka duba kuɗin buɗewa da na lodi, kuma kada ka bar kuɗi mai yawa a ciki.

Gargaɗi: katin kyauta na Google Play a ƙasar da aka saye shi kaɗai yake aiki. Na Amurka ba ya shiga akawun Najeriya. Masu cewa ka kunna VPN, manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa kake, ka sauya ƙasar akawun ɗinka ba sa gaya maka cewa Google ba ya barin a sake sauyawa sai bayan dogon lokaci, kuma kuɗin da ke cikin tsohuwar ƙasar ba ya bin ka. Ga 'yan eFootball kuma: koyin da ka saya a Android ba ya ƙaura zuwa iPhone, to ka kashe shi kafin ka sauya waya.

Ta biyu ita ce shafukan lodi masu izini. Midasbuy na kamfanin Tencent ne, shi ne na UC. Codashop da Carry1st suna aiki a Najeriya, suna karɓar naira, kuma jerin wasannin da suke ɗauke da su yana sauyawa, sai ka duba ko naka yana ciki. Sau da yawa nan ya fi sauƙi ga wanda katinsa ba ya biyan waje, wani lokaci har da ɗan ƙari. Rubuta adireshin shafin da hannunka. Kada ka bi mahaɗin da aka turo a guruf ko aka liƙa ƙarƙashin bidiyon TikTok, domin shafin bogi kamarsa ɗaya da na gaske, harafi guda kawai ake sauyawa a adireshin.

Ta uku ita ce dillalin WhatsApp ko Telegram. Akwai masu gaskiya a cikinsu, waɗanda ke saye daga shafi mai izini su ɗora 'yar riba, suna taimakon wanda ba shi da kati. Ga yadda ake rarrabewa. Mai gaskiya lambar ɗan wasa kaɗai zai nema, kuma farashinsa zai ɗan ɗara na kamfani ko ya yi kusa da shi. Da zarar ya ce ka turo imel da lambar sirri zai shiga ya loda maka, ko ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu, ciniki ya ƙare. Wannan ya fi yawa a harkar koyin na eFootball, inda ake cewa sai an shiga Konami ID ɗinka. Wanda ya shiga sau ɗaya zai iya sauya imel ɗin ya kulle ka a waje.

Sai mai rabin farashi. Ka tambayi kanka, a ina ya samo abin da kamfani ke sayarwa dala 10 har yake ba ka a kan 5? Yawanci da katin banki na sata ake saye, ko a saya a loda maka sannan a nemi Google ya mayar da kuɗin. UC ɗin zai shigo, ka yi murna, ka kashe. Bayan kwanaki mai katin ya kai ƙara, a janye kuɗin, sai ka buɗe gem ka ga lissafinka ya koma ƙasa da sifili, ko an rufe akawun gaba ɗaya. Dillalin ya riga ya sauya lamba. Araha ba ta ado.

Shafukan da ke cewa za su ba ka daimon kyauta, da manhajojin da aka yi wa kutse masu alƙawarin kuɗi marar iyaka, ba su cancanci dogon bayani ba. Lissafin kuɗinka a na'urorin kamfani yake, ba a wayarka ba, babu manhajar da za ta ƙara shi. Abin da suke nema shi ne Facebook ɗinka.

6. Biyan kansa

Bi wannan jerin a shafin lodi:

1. Buɗe gem, kwafi lambar ɗan wasa da maɓallin kwafi. Kada ka rubuta da ka.
2. Liƙa ta a shafin. Shafuka masu izini yawanci sukan nuno sunan mai akawun. Karanta shi. Idan ba sunanka ba ne, tsaya, domin abin da aka loda wa wani ba ya dawowa.
3. Idan karonka na farko ne a shafin, sayi ƙunshi mafi ƙanƙanta tukuna.
4. Idan tura kuɗi ta banki ka zaɓa, tura daidai adadin da aka rubuta, cikin lokacin da aka ba ka. Lambar asusun da suke bayarwa sau da yawa ta wannan cinikin ce kaɗai, kada ka ajiye ta don gobe.
5. Ɗauki hoton shafin ƙarshe mai lambar ciniki.
6. Rufe gem ka sake buɗewa, ka duba lissafi da akwatin saƙo.

Gargaɗi: idan an cire kuɗi kaya bai shigo ba, kada ka sake biya. Netiwok ne yawanci. Jira awa ɗaya ko biyu, sannan ka aika wa sashen taimakon shafin lambar cinikin da hoton alat.

7. Akwatin sa'a: karanta alƙaluman kafin ka juya

A nan ne kuɗi mai yawa yake tafiya, to bari mu zauna a kai. Tun Disamban 2017 Apple ya wajabta wa masu gem su bayyana yiwuwar samun kowane kaya a akwati, Google Play ya bi sahu a 2019. Saboda haka a kusa da kowane akwati akwai wata 'yar alama, galibi alamar tambaya a lungu, da aka ƙanƙanta don kada ido ya kai. Danna ta.

A ce ka ga kashi 1 cikin 100. Mutane suna ɗauka juyi 100 zai kawo kayan tabbas. Ba haka lissafin yake ba. Idan kowane juyi zaman kansa yake, wanda ya juya sau 100 yana da kusan kashi 63 cikin 100 na samu, wato a cikin mutum 3 da suka kashe wannan kuɗin, kusan 1 zai tashi hannu rabbana. Juyin da ka yi a baya bai sa na gaba ya matso ba. Maganar “saura kaɗan ya fito” zuciya ce ke faɗa maka.

Misali mafi bayyana shi ne Counter-Strike, wasan harbi na kwamfuta. Alƙaluman da aka wallafa a China a 2017 sun nuna yiwuwar samun wuƙa ko safar hannu kashi 0.26 cikin 100 ne, kusan 1 cikin 385. Makullin buɗe akwati ɗaya dala 2.49 ne. Ninka ka gani: kusan dala 960 a makullai kaɗai, ban da kuɗin akwatunan, kuma bayan duk wannan sama da kashi ɗaya bisa uku na masu gwadawa ba za su ga wuƙar ba.

Akwai nau'in da ke da ƙarshe, kuma dole ka gane wanne ne a gabanka. Juyin sa'a na Call of Duty Mobile kaya 10 ne, duk wanda ya fito ba ya maimaituwa, amma farashin kowane juyi yana hawa, kuma babban kayan kusan kullum sai a ƙarshe yake fitowa. Juyin farko mai arha ƙugiya ce. Kafin ka fara, nemi jimillar juyi 10 ɗin a ƙasarka. Idan ba za ka iya biyan duka ba, kada ka yi na farko, domin tsayawa a na 6 shi ne asarar da ta fi ciwo: kuɗi ya tafi, abin da ka shigo dominsa bai zo ba. Haka akwatunan manyan 'yan wasa na eFootball: duba adadin katunan da ke ciki, ka lissafa kuɗin kwashe su duka, wannan ne farashin gaskiya na ɗan wasan da kake hari.

Ra'ayina a fili yake: biyan kuɗi don jiran abin da sa'a za ta kawo ya yi kama da caca ƙwarai. Ba ni kaɗai ba, hukumar caca ta Beljiyam ta yanke haka tun 2018, kamfanoni da dama suka cire akwatunan kuɗi a ƙasar. Hukuncin addini kuwa na malamai ne, amma idan za ka tambaya, ka kwatanta musu yadda abin yake aiki dalla-dalla, kada ka ce kawai “sayen kaya a gem”.

8. Sayen akawun hannu

Ana tallarsu kullum: akawu mai manyan 'yan wasa 20, ko mai bindigogin da aka daina fitarwa. Duk wasannin nan 4 sun haramta sayar da akawun, don haka idan an cuce ka ba ka da inda za ka kai ƙara a wajen kamfani. Kuma ka tuna mataki na 2. Mai akawun na asali yana da rasit ɗin farko, ya san watan buɗewa da wayar farko. Zai iya sayar maka yau, ya ba ka imel da komai, bayan wata 2 ya rubuta wa kamfani cewa an yi masa kutse, a mayar masa. Ɗan tsakiya da ke riƙe kuɗi har a miƙa akawun ba ya maganin wannan, shi aikinsa ya ƙare ranar ciniki. Ban san wata dabara da ke toshe wannan ƙofar ba, don haka shawarata kada ka saya.

9. Inda kaya ke sayuwa: Steam

Ga masu kwamfuta, Counter-Strike 2 da Dota 2 suna da kasuwa ta halal a cikin Steam, inda 'yan wasa ke sayar wa juna kaya. Sai akawun ya kashe aƙalla dala 5 kafin a cire masa takunkumin sabon shiga. Sauke manhajar Steam a waya ka kunna Steam Guard, in ba haka ba ana riƙe cinikinka har kwana 15. A kayan Counter-Strike ana cire kashi 15 cikin 100 na kowane ciniki, kuma abin da ka samu yana zama a jakar Steam, ba ya fita zuwa banki. Gem ko wani kayan kawai za ka saya da shi. Masu son tsabar kuɗi sai sun bi ta shafukan waje, inda kariyar Valve, kamfanin da ke da Steam, ba ta kai ba.

Gargaɗi: kafin ka tabbatar da musaya a waya, duba sunan da ranar buɗe akawun wanda za ka ba. 'Yan damfara sukan soke musayar gaske su turo irinta daga akawun da ya kwaikwayi suna da hoto.

Wanda ke ganin wannan jari ne, ya tuna Oktoban 2025. Valve ya yi sabuntawa guda da ta ba da damar haɗa kayan Counter-Strike 5 na ajin ja, ajin da ke bin wuƙa a wahalar samu, a karɓi wuƙa ko safar hannu. Cikin kwana ɗaya farashin wuƙaƙe ya rikito, darajar kasuwar ta ragu da sama da dala biliyan 1. Babu wanda aka yi shawara da shi.

10. NFT da wasannin “buga ka samu”

Alƙawarinsu shi ne kayan naka ne na gaske, yana cikin walat ɗinka, wato jakar kirifto, kamfani ba zai ƙwace ba. Gaskiya ne alamar tana zama a walat. Amma amfaninta a cikin gem yake, idan gem ya mutu sai ta zama lamba kawai. F1 Delta Time, wasan tseren mota da mutane suka sayi motocinsa da kuɗi masu nauyi, ya rufe a Maris 2022. Wasan Axie Infinity ya ciyar da gidaje a Filifin a 2021, sannan kuɗinsa na SLP ya zube da sama da kashi 99 cikin 100, kuma a Maris 2022 aka sace sama da dala miliyan 600 daga hanyar Ronin da wasan ke amfani da ita. Mu ma mun ga namu a 2024, lokacin da kowane majalisi ya koma dannan allo saboda wasan Hamster Kombat, aka fashe, wato aka raba kuɗinsa, ranar 26 ga Satumba, mutane da yawa suka tashi da abin da bai biya kuɗin datarsu ba.

Idan duk da haka za ka shiga: buɗe walat daban wanda babu ajiyarka a ciki. Kalmomin sirri 12 ko 24 da za a ba ka, a littafi za su zauna, kuma duk wanda ya tambaye su ɓarawo ne, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne. Sannan ka yi tambaya ɗaya: kuɗin da ake biyan 'yan wasa daga ina yake fitowa? Idan amsar ita ce daga sababbin shiga, ranar da suka daina shigowa biya zai tsaya.

11. Idan abu ya lalace

An shiga akawun: fara da imel, ba da gem ba. Sauya lambar sirrinsa, ka fitar da duk na'urorin da ba ka sani ba, sannan Facebook, sannan ka rubuta wa sashen taimako na cikin gem ko shafin kamfanin, ka haɗa da shaidun littafinka. Masu cewa a biya su su dawo da akawun da aka sace, zagaye na biyu ne na damfarar.

Sayayya bisa kuskure: Google Play yana karɓar buƙatar mayar da kuɗi cikin awa 48, bayan haka sai dai ka nemi kamfanin gem ɗin. Cirar da ba da izininka aka yi ba kuma kana da kwana 120 ka kai rahoto. Gargaɗi: kada ka nemi a mayar maka da kuɗin UC ko daimon da ka riga ka kashe. Google zai iya biya, amma kamfanin gem zai cire adadin daga akawun ɗinka ko ya rufe shi.

Iyaye da yayye masu ba yara waya: sau da yawa cirar da ake zargin banki da ita, ƙaramin gida ne ya danna. Matsalar ta kai a Disamban 2022 kamfanin Epic mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar FTC ta Amurka, miliyan 245 daga ciki na mayar wa waɗanda aka sa suka yi sayayyar da ba su yi niyya ba. Shiga Play Store, saituna, sashen tabbatar da saye, ka zaɓi a nemi lambar sirri ko zanen yatsa a kowace sayayya. Ka tabbata yatsan yaron ba ya cikin waɗanda wayar ta sani. Idan wayar tasa ce, haɗa ta da Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yara, yadda buƙatar saye za ta zo wayarka, kuma bayan kowace sayayya ka cire katin daga akawun ɗin.